Soso mai laushi ko mai tauri: wanne ke kai mutum nesa a kan babur?

Matafiyi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar doguwar tafiya. Babur ɗina mai injin 650 ne, irin na dogon zango, kuma har yau kujerar da ya zo da ita ce a kansa. A cikin gari lafiya lau. Amma da na hau babbar hanya, kafin a cika awa biyu mazaunai sun ɗau zafi, in matsa gaba, in matsa baya, in karkace, ƙarshe dai in nemi gefen titi. Mai bai ƙare a tanki ba, ni na ƙare. Ina so in kai wa masu kujera su ƙara min soso mai laushi, ko kuma in sa jel, wato abin nan mai kama da roba mai taushi da ake sa wa kujera. Wanne ya fi?

Dogo: Wa alaikumus salam. Jel kawai ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Shi ke cikin tawa.

Mai Soso: Malam Matafiyi, a dakata da maganar jel tukuna. Faɗa mana ainihin inda ke maka ciwo. Ƙasusuwan nan biyu da mutum ke zama a kansu ne? Ko can baya, inda ƙashin gadon baya ya ƙare? Ko tsakanin cinyoyi ne ke sagewa? Ko kuwa fata ce ke raɗaɗi saboda gumi? Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani kan tsananta wani. Sannan ka tuna da kyau: in ka taɓa birki, ko ka saki jiki, kana zamewa wajen tanki?

Matafiyi: Ƙasusuwan biyu ne, Oga. Zamewar kuwa kamar kana wurin. Kullum ina tokare kan babur da hannu ina mai da kaina baya, har kafaɗa da wuyan hannu ke gaya min.

Mai Soso: To ka ga ba laushi kake nema ba. Aikin kujera nake yi, kuma galibin masu kawo min kujerar babur da wannan kukan, buƙatarsu ɗaya: a ƙara laushi. In na bi son ransu, su ne ke dawowa.

Ga yadda abin yake. Soso mai laushi daɗinsa na mintunan farko ne, lokacin da ka danna shi da yatsa ko ka hau a wurin sayarwa. Da ka ɗau lokaci a kai, nauyinka zai murƙushe shi har ƙasusuwan nan biyu su kusa taɓa robar ƙasan kujera. A nan duk nauyin saman jikinka ya tattaru a ɗigo biyu. Soson da ke kewaye kuma ya taso ya matse tsoka, jini ya kasa gudana yadda ya kamata, sai zafi, sai sagewa. Ka ƙara wani mai laushin a kai, za ka ƙara nutsewa ne kawai, ka ƙara zufa.

Abin da ke kai mutum nesa shi ne faɗi da siffa. Wurin zama ya yi faɗin da zai tallafi mazaunai gaba ɗaya har zuwa farkon cinya, tsakiyarsa ya ɗan yi kwari, kuma ya kwanta daidai, kada ya sunkuya gaba. Dubi kujerar tsofaffin taraktoci: zallan ƙarfe ce, ko ƙyallen soso babu, amma an buga ta da siffar mazaunin mutum, direba ya wuni a kai. Kujerar kamfani kuwa sau da yawa ana matse ta don ƙafar kowa ta kai ƙasa, a karkata ta gaba don babur ya yi kyan gani, kuma an yi ta ne don mutum mai matsakaicin nauyi, wanda ba lallai kai ne ba.

Dogo: Oga in haka ne ai sai mu cire soson mu ɗaura katako, hhh. Tarakta fa tafiyar ƙasa mai taushi take yi a hankali. Mu kuma rami muke faɗawa da gudu.

Mai Soso: Ban ce a cire ba, Dogo. Hawa-hawa ake yi. Mai tauri a ƙasa, shi ke ɗaukar nauyi kuma shi ake sassaƙa wa siffa. Siririn mai laushi a sama, kamar kaurin yatsa, don ya rufe gaɓoɓin aikin kuma fata ta ji daɗi. Ramin da kake magana kuwa aikin shokozoba ne, kada a ɗora wa kujera.

Injiniya: Bari in ƙara kan maganar Oga, don akwai abin da ke rikita mutane wajen sayen soso. Nauyin soso daban, taurinsa daban. Nauyi, wato kilo nawa ke cikin kowace kubik mita (dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri), shi ke nuna yawan kayan da aka zuba a ciki, shi ke sa ya jure shekaru bai kwanta ba. Tauri kuma shi ne ƙarfin da ake buƙata kafin a danne shi. Za ka iya samun soso mai tauri amma marar nauyi, yau kamar dutse, baɗi ya zama tabarma. Mai nauyi za ka nema, sannan ka zaɓi taurin da ya dace da jikinka. Mai kilo 60 da mai kilo 110 ba su da soso ɗaya.

Sai soson nan da ke riƙe sawun hannu in ka danna, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1960 don kujerun jiragen NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. A katifa ya yi. A babur ina da ja, domin zafi ke sarrafa shi: da sanyin asuba ya ƙage, da rana ta take ya saki har ka nutse. In za a sa, a sa siriri a sama.

Jel kuwa ba ya matsuwa kamar soso, gefe yake gudu in ka danne shi. Yana raba nauyi, gaskiya ne. Amma yana da nauyi, kuma yana riƙe zafi. Ajiye babur a rana ka je ka dawo, soso zai huce cikin ɗan lokaci da fara tafiya, jel kuwa zai daɗe yana gasa ka.

Dogo: Injiniya, maganar zafi na yarda, shi ya sa nake yafa wa kujerata ƙyalle in na tsaya. Amma ku ma ku yarda jel na shanye kaɗawar inji. Babur ɗina silinda ɗaya ne, mai irin wannan injin ya san abin da nake nufi, zir-zir ɗin nan da ke bi ta ƙashi har cinya ta mutu. Tun da na sa jel ya ragu. Kuma ai kamfani irin Saddlemen da jel ya yi suna, ba mahaukata ba ne.

Mai Soso: Su a cikin kujera suke binne shi, da soso kewaye da shi, bayan sun gama fitar da siffa. Wannan daban da faifan jel da ake ɗaurawa a kan kujera mai gangara. In ka ɗaura wa Matafiyi shi yau, zai ci gaba da zamewa tanki, sai dai yanzu daga sama kaɗan zai zamo.

Dogo: To wannan kuma na ba ka.

Sabon Jini: Ni fa gani nake duk shagwaɓa ce. Namiji ya daure mana. Jiki sabo yake, in ka yi ta hawa zai daina ciwo.

Baba Tsohon Hannu: Yaro, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, jiki na sabawa, wanda ya daɗe bai hau ba ko kujerar sarki ka ba shi sai ya ji a jikinsa. Amma dauriya ba abin taƙama ba ce a kan titi. Mutumin da mazaunansa ke ci da wuta rabin hankalinsa na can ƙasa, ba ya kan motar da ke shirin shigo masa. Sai ya ƙara gudu don ya isa ya sauka. Kujera marar kyau ta haka take kashe mutum.

Akwai ƙungiyar masu doguwar tafiya a babur a Amurka, Iron Butt Association, mafi ƙanƙantar jarrabawarsu ita ce mil 1,000 cikin awa 24, wajen kilomita 1,600 ke nan. Babbar gasarsu kwana 11 ake yi. In dauriya ce, sun fi mu duka. Amma je ka kalli hotunan baburansu, ka ga irin kujerun da ke kai: faffaɗa, wasu da fukafukai a gefe, munana ƙwarai. Da yawansu aikin Russell Day-Long ne da ke Kalifoniya. Su ba sa ɗauko maka daga kanta. Sai ka aika musu da kujerarka ta asali, da tsawonka da nauyinka, da hotonka zaune a kan babur yadda kake tuƙi, su gina a kan ƙasan taka, har da sifirin a ciki mai tallafe gefunan. Abin lura a nan, waɗanda suka fi kowa sanin aikin awon mutum suke fara yi.

Ni dai tsoho ne, buzu nake shimfiɗawa. Gashin na barin iska ta ratsa, yana shan gumi, ba ya ƙuna in ya sha rana. Aibinsa ruwan sama, in ya jiƙe sai ka cire ka sa a jaka.

Sabon Jini: Allah ya huci zuciyar Baba, na janye. Amma buzu a kan babur ɗina? Abokai za su kashe ni da dariya.

Baba Tsohon Hannu: Su yi ta yi. In an yi nisa za ka ga mai neman aro.

Gajere: Jama'a duk kuna ta faɗi, faɗi, ba wanda ya tuna da irinmu. Malam Matafiyi, yaya ƙafarka take da ƙasa yanzu? Domin duk abin da aka ƙara a faɗin kujera daga tsawon ƙafarka ake cire shi. Cinya ta buɗe, ƙafa ta gajarce. Lambar tsawon kujera daga ƙasa da ake rubutawa ba ta faɗin komai ita kaɗai. Honda Gold Wing milimita 745 ne, ga shi ƙasa-ƙasa amma faffaɗa. BMW R 1250 GS kuma 850 ne ko 870, gwargwadon inda ka saita ta. Sai ka hau ka sauke ƙafa za ka san gaskiyar kowanne. Babur ɗauke da kaya da goyo, ka zo tsayawa a kan tsakuwa da ɗan yatsan ƙafa, faɗuwa ce ba makawa.

Mai Soso: Gajere ya kawo magana. Dabarar ita ce faɗin ya tsaya a baya, inda kake zama lokacin tafiya. Gaban kujera, wajen tanki, a bar shi siriri, a ma ƙara sassaƙe gefunansa. In za ka tsaya sai ka ɗan zame gaba ka sauke ƙafa. Kuma a kashe kaifin gefen, don gefe mai kusurwa shi ke yankar ƙasan cinya.

Dogo: Mu kuma namu kukan kishiyar naku ne. Kujera in ta yi ƙasa, gwiwa ta naɗe, cinya ta ɗaga sama ba ta taɓa kujera, nauyi duk ya koma kan ƙashin baya. Ƙarin tsawo kaɗan ya sauke min gwiwa. Sai dai mutum ya sani, in ka ɗaga kujera ka taɓa komai: kan babur ya yi maka ƙasa, iskar da gilashin gaba ke turawa sama da kai yanzu ta dawo tana dukan hular kwano.

Injiniya: Haka ne. Kujera da kan babur da matakin ƙafa abu ɗaya ne, ba a gyara ɗaya a manta biyun. Shi ya sa nake cewa Matafiyi ya yi gwajin da ba ya cin komai kafin ya yanka soso. Naɗe tawul ka ɗaura a gaban wurin zama don gangarar ta cike, ka yi tafiyar da ta saba gajiyar da kai. A wasu baburan ana iya sa 'yar roba ƙarƙashin gaban kujera a ɗaga hancinta, amma ka tabbata makullinta ya kama sosai kafin ka tashi. In zamewa ta tsaya, kafaɗa ta huta, ka gano rabin ciwonka.

Kuma duba shokozoba na baya. In ka hau da kayanka, bai kamata ya nutse fiye da wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa ba. In ya wuce haka, kowane rami kai tsaye yake zuwa ƙugunka, ko wace irin kujera ka sa. Ƙara masa ɗauri in za ka yi lodi.

Hajiya 'Yar Goyo: Sallama dai maza. Tun ɗazu nake karantawa, kowa kansa yake gyara wa. Mu da ake goyawa fa? Wurin zaman baya galibi ɗan tudu ne siriri mai gangara, duk birki sai ka zame ka daki bayan mai tuƙi, hula ta daki hula. Ga matakin ƙafa a sama, gwiwa a naɗe. Mai tuƙi yana da abin riƙo, yana iya miƙewa tsaye, mu kuwa sai yadda aka yi da mu. Da maigidan ya tashi gyara, cewa na yi a kai da ni a auna. Aka shimfiɗe min wurin, aka faɗaɗa, aka sa leda marar santsi, aka manna matashi a jikin akwatin baya. Majinginar nan ta fi min komai.

Baba Tsohon Hannu: Gaskiyarki Hajiya. In na baya ya gaji tafiya ta ƙare, ko mai tuƙi yana da sauran ƙarfi.

Malamar Jinya: Ba wanda ya ambaci matashin iska. Irin su Airhawk asalinsu daga matashin ROHO ne, wanda aka yi wa masu zaman keken guragu don kada zama ya huda musu fata. Ƙananan aljihunan iska ne haɗe da juna, in ka danne wani iska ta koma wani, nauyi ya bazu. A asibiti mun san amfaninsa. Kuskuren da ake yi shi ne cika shi tam. Iska kaɗan ake so, ka zauna ka riƙa sassauta bawul har ka ji ka kusa taɓa kujera, saura ƙiris. In ya cika za ka riƙa yawo a kai, ka daina jin babur a kwana. Kuma iska na kumbura in an hau tsauni ko rana ta yi zafi, sai a rage.

Sai wata magana da maza ba sa son yi. In tsakanin cinyoyi ko gaba ke sagewa, jijiya ake dannewa, kuma yawanci tudun tsakiyar kujera ne ko hancinta da ya ɗaga da yawa. Don haka masu ɗaga hanci a yi a hankali. In an sauka ya wuce cikin mintuna, a gyara kujera. In ya kwana, ko yana dawowa, a ga likita, kada a tsaya kunya. Kuma ko kujerar ta fi kowacce, a riƙa sauka ana taka ƙasa duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a sha ruwa.

Gajere: Malama, a ƙara da walat. Mutum ya cusa ta a aljihun baya ya zauna a kai wuni guda, ƙugu a karkace, sannan ya zagi kujera.

Malamar Jinya: Sosai. Da ɗinkin wandon jins mai kauri, da gajeren wandon auduga da ke riƙe gumi. A nemi na ciki marar ɗinki a wurin zama, mai saurin bushewa, irin na masu tseren keke. Mai fama da gumi kuma ya gwada shimfiɗar ƙwallayen katako irin ta direbobin tasi, ko raga mai kauri, iska na wucewa ta ƙasa.

Matafiyi: Kai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Walat ɗin nan kuwa a aljihun baya take, ba zan ɓoye ba. Zan fara da tawul kamar yadda Injiniya ya ce. Amma in gwajin ya nuna gangara ce, in sayi sabuwar kujera irin su Corbin ko Sargent, ko in gyara tawa?

Dogo: In da hali sayi sabuwa ka ajiye ta asali. Ranar da za ka sayar da babur sai ka mayar.

Injiniya: Ka dai san abin da za ka tarar. Corbin tun 1968 suke wannan aiki, kuma an san kujerunsu da tauri da faɗi, wanda bai sani ba ranar farko zai ce an cuce shi. Sabon soso mai nauyi sai an yi tafiya a kai kafin ya karɓi jiki, kada ka yanke hukunci a makon farko. Akwai kuma irin su Seat Concepts da ke sayar da soso da riga kawai, ka ɗora a kan ƙasan taka. Amma duk waɗannan don jikin jama'a aka yi su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Soso: Ni ra'ayina a bayyane yake, kuma ba don sana'ata ba ce: gyara taka, amma kana tsaye a wurin. Kada ka aika yaro da kujera ka ce a gyara. Je da babur ɗin. A cire fil ɗin riga, ka hau soson tsirara, ƙafa a kan mataki, hannu a kan babur, wani ya riƙe maka shi. A zagaye inda mazaunanka suka tsaya da alli, a sa alama inda ƙasusuwan biyu suke. Daga nan a fara rage tudun baya da ke tura ka gaba, a cike gangarar da soso mai tauri, a manna ƙari a gefe da gam. Doguwar wuƙa mai haƙora ke yanka, samfefa mai kaushi ke gyara siffa. Kaɗan-kaɗan ake cirewa, don abin da aka yanke ba ya komawa. Sai a yafa rigar a kama ta da fil kaɗan, ka je ka yi tafiya mai ɗan nisa ka dawo ka faɗi inda ya rage. Sai an gamsu ake rufewa.

Hajiya 'Yar Goyo: Oga, rigar fa? Fata ko leda?

Mai Soso: Fata ta fi numfashi, Hajiya, kuma tana bin jiki, amma tana son mai da kulawa, ruwa da rana na fasa ta. Mai barin babur a waje ya nemi leda mai kauri irin ta kujerun jirgin ruwa, wadda aka yi don rana da ruwa, marar sheƙi. Ko wacce aka zaɓa, kada ɗinki ya bi ta inda ake zama, a kai shi gefe. Ta ramin allura ruwa ke shiga, soso ya sha, ka yi kwanaki kana tashi da jiƙaƙƙen wando ko sama ba hadari. Shi ya sa nake shimfiɗa siririyar leda tsakanin soso da riga. A shanya rigar a rana ta yi laushi kafin a ja, a fara kamawa daga gaba da baya, sannan gefe da gefe.

Gajere: Fil ɗin wane iri? Na ga wasu na tsatsa su saki.

Mai Soso: Wanda ba ya tsatsa za ka nema, kuma gajere, wajen milimita 6. Dogo zai huda robar ya leƙo ta cikin soso.

Dogo: Ni kuma me na yi?